Ina Sallama Ta Tafi? Yadda Baƙo Ke Neman Zama Abin Tsoro A Ƙasar Rano Da Kibiya

Daga Wakilinmu

Tun kaka da kakanni abin kunya ne ga Bahaushe ya wuce mutum a kan hanya bai ce masa uffan ba, ko ya san shi ko bai san shi ba. Wanda ya tarar da mutane a zaune shi zai yi sallama, wanda ya ga manomi a sunkuye ya ce masa sannu da aiki, wanda ya gamu da mai kaya ya ce masa sannu da hanya, in da hali ma ya kama masa ya sauke. A yau wannan ɗabi'a tana ja da baya, kuma ba a cikin birnin Kano kaɗai ba, inda za a iya ɗora laifin a kan yawan jama'a. Har a garuruwa irin su Rano da Kibiya dattawa suna kokawa da cewa yaro ya kan wuce su da waya a kunne, fasinja ya kan zauna kafaɗa da kafaɗa da wani tun daga Kano har Rano ba su tanka wa juna ba, baƙon da ya yi sallama a ƙofar gida kuwa sai an ƙare masa kallo sama da ƙasa kafin a amsa masa.

Watakila mai karatu ya ce, to mene ne abin damuwa a nan, tun da gaisuwa ba ta cika ciki? Amsar ita ce, a tsarin zaman Hausawa gaisuwa tana da aikin da ya wuce ladabi. Da ita a ke sanin wanda ya shigo gari da abin da ya kawo shi, da ita matafiyi ke samun ruwa da masauki, da ita kuma talaka ke samun ƙofar shiga wurin mai mulki. Saboda haka raguwarta ta shafi tsaron gari da zaman lafiyarsa.

Garin Autan Bawo

Rano tana cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram, kuma har gobe a kan yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. A labarin da a ka gada, Kano da Rano su ne sarakunan baba, watau ƙasashen rini da tufa. Ƙasar da ke sayar da tufa kuwa ba ta rabuwa da baƙi, domin mai saye daga nesa ya ke zuwa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Rano tana da mutane sama da 140,000, ta Kibiya kuma sama da 130,000, ba shakka kuwa yanzu sun ƙaru ƙwarai. Su biyun tare da Bunkure wakili ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma su ukun ne a ƙarƙashin masarautar Rano mai daraja ta biyu da dokar shekarar 2024 ta kafa, bayan an soke masarautun da a ka ƙirƙiro a 2019.

Akasarin mutanen wannan ƙasa, daga Rurum da Zurgu da Saji da Lausu har zuwa Tarai da Durba da Fammar da Nariya, manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Da damina kowa yana gona, da rani kuwa hanyoyi su cika da masu tafiya: 'yan ci-rani, da almajirai da malamansu, da 'yan koli, da dillalan dabbobi, da Fulani masu bin ciyawa. A irin wannan ƙasa wanda ya ke mai gida yau, gobe shi ne baƙo a garin wani, shi ya sa kowa ya ɗauki karɓar baƙo tamkar bashi ne da za a biya shi wata rana.

Yadda A Ke Karɓar Baƙo A Da

Tsarin yana da matakai sanannu. Baƙo ya kan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, yaro ya fito, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa ko fura. Ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya sha ya huta. Daga nan sai gaisuwa ta yi tsawo: ina gajiya, ina mutanen gida, yaya a ka baro su, yaya ruwa a wajenku. Wanda bai san al'adar ba sai ya ɗauka ɓata lokaci a ke yi, alhali kuwa kafin a gama mai gida ya san garin da baƙon ya fito, da gidan da ya fito, da sana'arsa, da inda ya nufa, ba tare da ya ci masa fuska ba. In baƙon zai kwana, sai a sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai wa dagaci labari in al'amarin ya kai haka. Mai masauki shi ne ke tsaya wa baƙonsa, in ya yi abin kirki a yaba masa, in ya yi ɓarna shi za a nema.

Akwai kuma waɗansu ƙananan al'adu da ke tallafa wa wannan. A ƙofar gidaje da yawa a kan ajiye randa da moɗa domin masu wucewa su sha sadaka. Bayan magariba magidanta su kan fito da akusansu a yi ciyayya a dandali ko a bakin masallaci, duk wanda ya zo wucewa a ce masa bisimilla, kuma da gaske a ke yi. Matafiyin da dare ya yi masa bai san kowa ba, masallaci ko zauren mai unguwa ya ishe shi.

Wannan tsari ne ya ɗauki Hausawa zuwa ƙasashe masu nisa. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, a ƙasar Ghana ta yau, daga zango zuwa zango su ke sauka a hannun fatoma, wanda ke ba su masauki ya kuma shiga tsakaninsu da mutanen gari. Wani masani mai suna Abner Cohen, a littafin da ya buga a 1969 game da Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya dogara kacokan a kan mai gida, wanda ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya kuma tsaya masa a kan bashi. Haka nan A. H. M. Kirk-Greene, a laccar da a ka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya sa karamci da ladabi da mutunci a cikin halayen da a ke auna mutum da su.

Addini ma ya ƙarfafa abin. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nisa'i, ya umarci wanda a ka gaisar da ya mayar da abin da ya fi kyau ko kwatankwacinsa. A cikin hadisin da Buhari da Muslim su ka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa ciyar da abinci da yin sallama ga wanda ka sani da wanda ba ka sani ba a cikin mafi alherin ayyukan Musulunci. A wani hadisin kuma ya sa amsa sallama a cikin haƙƙoƙin hanya da ke kan masu zama a bakinta.

Abubuwan Da Su Ka Sauya

Na farko shi ne saurin tafiya. Mai tafiya a ƙasa ko a kan jaki ko keke dole ya gaisa, domin yana ganin fuskar wanda ya wuce, kuma yana bukatar ruwa da inuwa da kwatancen hanya. Da a ka shimfiɗa kwalta daga Karfi ta bi ta Bunkure zuwa Rano da Kibiya, tafiyar da a da sai an yada zango ta koma ta sa'a guda ko biyu. Ɗan kasuwa ya zo da safe ya koma da yamma, bai bukaci mai masauki ba, mai babur kuwa sai dai ya danna ƙaho ya wuce. Babu mai son a koma zamanin jaki, amma gaskiya ce cewa hanyar da ta kusanto da garuruwa ita ce ta rage dalilin tsayawa a cikinsu.

Na biyu shi ne sauyin mulki. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da ikon yau da kullum daga hannun hakimai da dagatai zuwa sakatariya. A 1979 kuma gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci yin ta, domin an sha wuya a kan haraji. Sai dai jerin sunayen masu biyan haraji shi ne ya ke tilasta wa mai unguwa ya san kowane baligi da ke unguwarsa da kowane baƙon da ya zauna, kuma da a ka ɗauke shi ba a kawo wani abin da ya maye gurbinsa ta wannan fuska ba.

Na uku shi ne noman rani da kuɗin da ya kawo. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda a ka gina zamanin Gwamna Audu Bako a ka kammala a 1974, ta buɗe aikin ban-ruwa na Kadawa da kewayen Kura da Bunkure. Tumatir da shinkafa da alkama su ka jawo 'yan ƙwadago da dillalai da direbobi daga ko'ina. Arziki ya ƙaru, amma aikin da a da a ke yi da gayya, a gama a ci tuwo tare, ya koma na jinga, a biya ka ka kama gabanka, ba lallai mai gona ya san sunanka ba.

Na huɗu shi ne ginin gida. Sabon gida na bulo sau da yawa ba shi da zaure, sai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Wanda ya zo sai ya buga ƙarfe ko ya kira waya, in ba shi da lambar mai gida ya juya. Randar ƙofar gida ma ruwan leda ya kore ta, ruwan da a da sadaka ne yanzu sai da kuɗi.

Na biyar ita ce wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001. Amfaninta ba ya ƙidayuwa: manomi a Kibiya yana jin farashin Dawanau daga gonarsa, uwa tana jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Legas. Amma ta ɗauke bukatu da yawa da ke sa mutum ya yi wa baƙo magana, kamar tambayar hanya, da tambayar lokaci, da ba da sallahu, da neman labarin gari. A cikin mota, inda a da a ke taɓa hirar damina da siyasa har a rabu da sanin juna, yanzu kowa ya sunkuyar da kai, yana hira da wanda ke nesa ya bar wanda ke kusa.

Tsoro Da Tsadar Rayuwa

Waɗannan duka da sauƙi in an kwatanta su da tsoro. Harin bama-bamai na ran 20 ga Janairu 2012 a birnin Kano ya hallaka mutane fiye da 150. Ran 19 ga Janairu 2013 a ka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, abin da ya sa gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Dajin Falgore, wanda ba shi da nisa da wannan yanki, ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, har sojoji su ka shiga shi a 2017. A watan Oktoba 2019 'yan sanda su ka ba da sanarwar gano yara 9 da a ka sace daga Kano a ka kai Jihar Anambara. Ga kuma ƙwacen waya da ya addabi unguwannin birni. A 2020 cutar korona ta zo, a ka kulle Kano, a ka hana musabaha da cunkoso. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, don haka babu mai ganin laifin uwar da ta ja wa ɗanta kunne kada ya kula wanda bai sani ba.

Amma ya kamata a tuna cewa ba kullum ne sharri ke zuwa da baƙuwar fuska ba. Yarinyar nan 'yar shekara 5 da a ka sace a Kano a ƙarshen 2021 a ka kuma kashe, wadda mutuwarta ta girgiza ƙasar nan, mai makarantar da ta ke karatu ne kotu ta samu da laifi a 2022, mutumin da ita da iyayenta su ka sani su ka kuma amince da shi.

Sai kuma tsadar rayuwa, musamman tun da a ka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023. Magidancin da tuwon gidansa bai ishi 'ya'yansa ba yana jin nauyin fitowa da akushi waje, domin kada ya ce bisimilla a amsa. Mai ɗan hali kuma ya fara ɗaukar kowace doguwar gaisuwa a matsayin share fagen roƙo, sai ya ɗaure fuska tun daga nesa. Ta haka talauci ya sa a ke zargin gaisuwar da a ka yi saboda Allah.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Waɗansu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hali, kuma sun fara ƙirga asararsa. A shekarar 2000 wani malamin jami'a a Amurka, Robert Putnam, ya buga littafi yana nuna yadda Amurkawa su ka rage shiga ƙungiyoyi da ziyartar maƙwabta da amincewa da juna. A 2018 gwamnatin Ingila ta ɗora wa wata minista alhakin yaƙi da kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya yi gargaɗin cewa kaɗaici yana cutar da lafiyar jiki, a wannan shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan al'amarin. Akwai kuma gwajin da Nicholas Epley da Juliana Schroeder su ka buga a 2014, inda su ka sa waɗansu fasinjojin jirgin ƙasa da na bas a birnin Chicago su yi hira da wanda ke kusa da su, waɗansu kuma su yi shiru. Mutanen sun zaci shiru zai fi musu daɗi, amma waɗanda su ka yi hirar su ne su ka fi jin daɗin tafiyar. Watau abin da masu arziki ke kashe kuɗi suna neman hanyar dawo da shi, mu a hannunmu ya ke tukuna, muna sakinsa da kanmu.

Abin Da A Ke Asara

A nan ne ya kamata ma'aikata da ɗalibai su tsaya su yi tunani. Mutane sun rage kula baƙo domin su tsira, amma garin da ba a yi wa baƙo magana shi ne garin da mugu ya fi jin daɗinsa. Ɓarawo ba ya son a ce masa sannu da zuwa, daga ina, wurin wa ka zo, domin ya san an ga fuskarsa, an ji muryarsa. Inda kowa ya kawar da kai kuwa, ya shiga ya fita babu shaida. Doguwar gaisuwar nan ta kakanninmu bincike ce cikin mutunci, mai gaskiya ya samu masauki, marar gaskiya ya san idon gari yana kansa.

Asara ta biyu tana cikin ofisoshi. Ma'aikata da dama da a ke turawa ƙananan hukumomi a birni su ke kwana, su zo da hantsi su koma bayan azahar, har a sauya musu wurin aiki ba su san liman ko mai unguwar da ke bayan ofishinsu ba. Tsoho ya taso daga ƙauye tun asuba, ya biya kuɗin babur, ya shiga ya yi sallama, a amsa masa da kai a sunkuye. Mutumin da a ka yi wa haka ba zai dawo da rahoton annoba ko na baƙuwar fuska a daji ba, in kuma a ka je garinsu rigakafi ko ƙidaya, da irin fuskar da a ka nuna masa zai tarbi ma'aikaci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta bukatar kasafin kuɗi.

Asara ta uku ta ɗalibai ce. Yaron da bai iya tsayawa ya gaida babba ya gabatar da kansa ba, ya rasa makamin da iyayensa su ka ci kasuwannin Kurmi da Gwanja da shi. Neman aiki da neman shiga makaranta da koyon sana'a duk ta hannun mutanen da ba ka sani ba su ke bi.

Mafita

Har yanzu abin bai lalace duka ba. A ƙauyukan Rano da Kibiya a kan ajiye fartanya a amsa sannu, a kan raka baƙo har bakin hanya, in an yi rasuwa kuma wanda ya zo wucewa ya kan tsaya a yi salla da shi. Abin da a ke bukata shi ne a riƙe wanda ya rage, a kuma daidaita shi da zamani.

Masarauta da ƙananan hukumomi suna iya farfaɗo da al'adar kai baƙon da zai zauna wurin mai unguwa, da sharaɗin a yi ta domin sanin juna ba tare da karɓar ko kwabo ba, kada kuma ta zama hanyar tsangwamar wata ƙabila ko masu wata sana'a. Shugabannin ma'aikatu su ɗauki amsa gaisuwa da ba mai jira wurin zama a matsayin wani ɓangare na aikin da a ke biyan albashi dominsa. Malaman makaranta da iyaye su koya wa yara bambancin da ke tsakanin gaida mutum da bin sa: ka yi sallama, ka nuna hanya da baki, amma kada ka karɓi kyauta, kada ka hau abin hawansa, ka kuma gaya wa babba. Masu gina sababbin gidaje su bar ko da dakali ne a ƙofa. Limamai kuma su riƙa tunatarwa a kan haƙƙin hanya da na baƙo kamar yadda su ke tunatarwa a kan sauran haƙƙoƙi.

Sauran kuwa yana hannun kowane ɗayanmu. Wanda ya shiga motar Rano gobe da safe, ya yi sallama kafin ya zauna, ya ce wa na kusa da shi ina kwana kafin ya ciro waya. In an amsa masa ya samu abokin tafiya, in ba a amsa ba ladansa yana nan. Allah ya ba mu zaman lafiya da ƙaunar juna, amin.